Tambaya da Amsa: Iska Ta Yaye Rufi, Agaji Ya Tsaya a Bakin Kwalta

Tun da damina ta faɗi, saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka koma magana ɗaya: iska ta yaye kwano, katanga ta zube, masara ta kwanta. Masu tambayoyin aure da gado su yi mini haƙuri zuwa wani makon. Waɗanda suka yi asara kuwa ina yi musu jaje, Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasu wasiƙun.

Daga wani manomi, a wani ƙauye da ke ƙetaren kogin Galma:

"Assalamu alaikum, Baba Malam. A farkon damina wata iska ta taso mana da la'asar sakaliya, kafin a kira magariba ta yaye rufin gidaje sama da 30, har da aji biyu na firamare da rumfar masallaci. Mutum biyu kwano ya yanke su. Dagacinmu ya ce ya sanar da na gaba. Yau wata biyu ke nan ko mai leƙe ba mu gani ba, alhali mun ji a rediyo an raba kwano da siminti a wani gari da ke kan titi, wanda ɓarnarsu ba ta kai tamu ba. Shin mu ba 'yan ƙasa ba ne? Ta ina ake bi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. 'Yan ƙasa ne ku, har da ƙuri'a. Abin da nake zargi shi ne har yau ba ku shiga takarda ba. Ka ce dagaci ya sanar da na gaba. Da baki ya sanar ko a rubuce? Wa ya karɓa, ran nawa ga wata? In babu amsar waɗannan, to a wajen masu rabon kaya iskar nan ba ta taɓa kaɗawa a ƙauyenku ba. Na yi aikin raya karkara a ƙasar Zazzau har na yi ritaya, ban taɓa ganin motar agaji ta tashi don an ji labari a teburin mai shayi ba. Rahoto take bi.

Abin hawa-hawa ne. A sama akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999 ta gaji wata tsohuwar hukumar rabon kayan agaji ta 1976. Tana da ofishin shiyya a Kaduna. Ƙasa da ita akwai ta jiha, tamu ta jihar Kaduna ita ce KADSEMA. Sai kwamitin ƙaramar hukuma, wanda a tsari mataimakin ciyaman ke riƙewa, kamar yadda mataimakin shugaban ƙasa ke shugabantar majalisar NEMA. Wato harka ce da aka danƙa wa mataimaka, wanda kuwa ya san tsakanin mataimaki da baitulmali a ƙasar nan ya gane sauran.

Ƙa'idar ita ce na ƙasa ya fara, in abu ya fi ƙarfinsa ya kira na sama. Kafin a saki ko ƙusa ɗaya sai an turo jami'ai sun ga ɓarna da idonsu, sun rubuta, an sa hannu, sannan a buɗe sito. Garin kan titi ya riga ku ne ba don an fi son su ba. Suna da sabis, wani yaro ya ɗauki bidiyo tun iskar na kaɗawa ya sa a Facebook, wakilin rediyo ya iso da safe, motar jami'ai ta tsaya a ƙofar gidan hakimi ba ta kafe a hanya ba. Ku kuwa sai an ajiye mota an hau babur, an ajiye babur an shiga kwale-kwale. Jami'in da aka ba kwana biyu ya zagaya gari goma, ka san waɗanda zai fara tsallakewa.

To ku rage masa aiki. Ba ku makara ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ku naɗa mutum biyar ko bakwai: wakilin dagaci, liman, hedimasta ko malamin asibiti, saurayi mai wayar ɗaukar hoto, mace guda da za ta shiga inda maza ba sa shiga, da mutum ɗaya daga rugar da ke gefenku in akwai. A sayi littafi irin na 'yan makaranta, a ja layi da rula: sunan mai asara, mutum nawa ke ci a tukunyarsa, ɗaki nawa ya yaye, nawa ya rushe, rumbu, dabba, gona, wanda ya ji rauni, lambar waya, sai gurbin dangwala yatsa. A bi gida-gida, kada a zauna a zaure a rubuto da ka. Kowa a ɗauke shi hoto tsaye a gaban ɗakin nasa, riƙe da takarda mai lambarsa ta cikin littafin. Wanda ya riga ya gyara, a ɗauki lanƙwasasshen kwanon da ya sauke, maƙwabta biyu su shaida. Katin asibitin mutum biyun nan da kwano ya yanka shi ma a haɗa.

Sannan a karanta sunayen da ƙarfi a gaban jama'a. Karatun nan ne ke fito da wanda aka manta, shi ne kuma ke kunyata wanda ya cusa sunan ɗansa da ke Kano. Kada ku ƙara ko ɗaki ɗaya. In jami'i ya duba gida biyar ya tarar biyu ƙarya ne, ya gama da littafin gaba ɗaya, masu gaskiyar ne za su sha.

A rubuta wasiƙa shafi ɗaya, da ranar da abin ya faru da jimillar ɓarna. Dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, a kai sakatariya. A yi kwafi: ɗaya KADSEMA, ɗaya ofishin NEMA, ɗaya ƙungiyar Red Cross, ɗaya ɗan majalisarku na jiha, ɗaya na tarayya. Na tarayyar nan kada ku raina shi. 'Yan majalisar wakilai sukan gabatar da ƙudurin gaggawa suna kiran NEMA ta kai ɗauki mazaɓarsu, amma ba zai miƙe ya yi magana ba sai an ba shi sunan gari da adadi. Duk inda kuka miƙa takarda, mai karɓa ya buga tambari da kwanan wata a kan kwafin da za ku koma da shi gida. Maganar azuzuwa ta daban ce, hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi. Ku leƙa gidajen rediyon Zariya da Kaduna da hotunanku, ku faɗi ɓarna, ku bar zagi.

Abu guda da kusan kowa ke mantawa: ku rubuta hanya. Ku ce babbar mota na iya zuwa wuri kaza, daga nan mun tanadi babura da amalanke da kwale-kwale, ga lambar wanda zai tarbe ku, ga sa'ar da hanya ta fi aminci. Sau da yawa kayan ƙauyen nesa a sakatariya ake sauke su don babu wanda ya san yadda za a ƙarasa da su, kayan da suka kwana uku a jibge kuwa sukan rame.

Amma in gaya maka gaskiya, abin da zai zo ba zai mayar da ku yadda kuke ba. Abin da aka saba kawowa shinkafa ne da masara, man girki, tabarma, bargo, gidan sauro, sai kwano da siminti da ƙusa gwargwadon abin da ya samu. Kuma yakan daɗe. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600, ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, amma sai cikin 2023 aka raba babban tallafin farfaɗowa na iri, injin ban-ruwa, keken ɗinki da injin niƙa. Kada ka bar iyalinka ƙarƙashin leda cikin Agusta kana jiran mota. Da an gama hoto ku kira gayya, a tsinto kwanon da iska ta watsar a gonaki, a buge shi ya miƙe, a toshe hudojin da kwalta, a fara da ɗakunan tsofaffi da na masu jego.

Daga wata uwar marayu:

"Baba, yarana 5, muna zaune a gidan gado tare da wan mijina. Ɗakina da kicin ɗina iska ta ɗauke, nasa ko motsi bai yi ba. Da masu rubutu suka zo, sunansa aka sa a matsayin mai gida. An ba shi rabin bandir na kwano da buhun masara. Masarar ya auna mana tiya biyar, kwanon kuwa ya jingine a zaure, wai zai yi wa ɗansa ɗaki. Ina jin nauyinsa. Surukata kuma ta ce in na je wajen hukuma na zama mai bara. Yaya zan yi?"

'Yata, Allah Ya raya marayu, Ya ba ki ladan riƙo. Kwanon nan naki ne. Saboda ɗakin da ya yaye aka bayar, ba saboda sunan da ke kan takarda ba. Wan mijinki ma ya san haka, shi ya sa ya jingine bai buga ba.

Ban ce ki tare shi a zaure ba. Ki samu wanda yake jin nauyi, liman ko mai unguwa ko kawunki, a same shi da daddare ba a gaban mutane ba, a ce an zo roƙon arziki ne a rufa wa marayun ƙaninsa ɗaki kafin ruwa ya yi ƙarfi. A bar shi ya zama shi ne ya kira kafinta, shi za a yi wa godiya. Yawancin irin wannan a nan take mutuwa. In ya ƙi, sai gaban dagaci, a can kuma a faɗi sunan abin: haƙƙin marayu. Babu dattijon da zai so a kira shi fada a kan wannan.

Surukarki ki gaishe ta, amma ba haka ba ne. A cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya lissafa wa sahabi Ƙabisa mutum uku da roƙo ya halatta gare su. Ɗaya shi ne wanda masifa ta afka wa ta cinye dukiyarsa, har ya samu abin da zai tsaya da ƙafarsa. Balle kayan hukuma, da dukiyar jama'a aka saye su, ke ma da rabonki a ciki.

Masu rubuta suna, daga wajenku matsalar ta faro. A ƙasar Hausa ƙofa ɗaya takan ɓoye tukunya huɗu ko biyar. Mai ƙirga ƙofa zai bar zawarawa, da matan da mazansu ke ci-rani, da tsohuwar da ke ƙuryar gida ita kaɗai, da almajiran da rumfar tsangayarsu ta tashi. Ku ƙirga tukunya. Na haya kuwa, tun da wasu ma sun tambaya: kwano da siminti na mai gida ne in har ɗakin zai gyara, abinci da tabarma da bargo na wanda ke kwana a ciki ne.

Na taɓa tsayawa a wani rabo inda, don gudun ƙorafi, aka kwance bandir-bandir aka bi layi ana miƙa wa kowa falle uku. Bandir falle 20 ne, ɗaki matsakaici kuma kusan bandir guda yake ci. Kowa ya dangwala, aka yi hoto, aka shafa fatiha. Kafin la'asar wani ɗan kasuwa ya faka a-kori-kura a bayan makaranta yana saye a rabin kuɗi, mutane na ɓullowa ta lungu da fallayensu a ka, suna kauce wa idon juna. Ko ɗaki ɗaya ba a rufa ba a garin. A ganina gara a jera mutane gwargwadon ɓarna da rashin ƙarfi, a gaban kowa, a rufa ɗaki goma sosai, saura su san su ne a gaba in wani ya zo. Za a yi gunaguni, amma ko ta yaya aka raba sai an yi.

Daga wata matar aure a Tudun Jukun:

"Baba, an turo min saƙo a WhatsApp wai ana raba kuɗi ga waɗanda iska ta yi wa ɓarna. An ce in cika fom, in sa lambobin katin ATM ɗina, in biya kuɗin rajista."

Ɓarayi ne, 'yata. Ba a sayen fom ɗin agaji. In rabon gaskiya ne daga mai unguwa za ki ji, ki ga jami'ai ido da ido. Lambobin jikin kati da lambar sirri kuwa ko ma'aikacin banki ba a ba shi. In kin riga kin tura, ki je banki yau a toshe katin.

Daga wani ɗan ƙungiyar 'yan asalin ƙasar Zazzau mazauna Legas:

"Ranka ya daɗe, mun ji ɓarnar da ruwa da iska suka yi a ƙauyukanmu, mun yi karo-karo, kuɗi sun taru ba laifi. Wasu na cewa a sayi shinkafa da taliya a nan a cika mota, a haɗa da tufafin da muka daina sawa. Wasu na cewa a tura kuɗin kawai. Wani alhaji kuma yana son ya sa zakkarsa a ciki. Mece ce shawararka?"

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi. Kada ku ɗauko mota daga Legas. Kuɗin motar da na shingayen hanya kaɗai sun isa su rufa ɗakuna, kuma hatsi daga nan yake tafiya can. Kasuwar Giwa ta ishe ku masara, kwano da ƙusa da katako ga su nan a Sabon Gari da Tudun Wada. Tufafin ku bar su sai an nema. Wanda rufinsa ya tashi galibi kayan sawarsa jiƙewa suka yi, shanya ɗaya ta ishe su.

Kafin ku kashe ko kwabo ku kira gida, ku tambayi maza daban, mata daban. Za ku ji abubuwan da ba sa faɗo wa mai bayarwa a rai: tamfol, gidan sauro, tukunya, audugar mata, maganin tsarkake ruwa inda ambaliya ta haɗa rijiya da masai, da ladan kafinta. Mutum nawa aka ba kwano ya shekara a jingine don babu kuɗin katako da na bugawa?

In kasuwa na ci, hanya kuma na biyuwa, kuɗi a hannun mai asara ya fi, don shi ya san ko rufi ne ya fi damunsa ko maganin yaro. In kuwa gada ta karye, ko sai an yi doguwar tafiya kafin a ga mai POS, ko yanki ne da in aka raba kuɗi 'yan bindiga ma sun ji, to ku sayi kayan, ku ɗauki kafinta ku biya shi ɗaki-ɗaki, a yi aikin ba shela.

Ku kuma riƙe wani kaso, ko sulusi ne. Wanda ya bi labarin Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, ko na ambaliyar Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, ya ga yadda gudummawa ke kwarara a makonnin farko, manya na layin jaje, sannan hankali ya koma wani wuri. Yunwar manomi kuwa a Agusta take, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, sai kuma bazara in an zo neman iri da taki. Ku ajiye wa waɗannan ranakun.

Alhaji ya sa zakkarsa, amma a ware ta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka kashi takwas, wanda iska ta mayar faƙiri ko ta jefa shi bashi yana ciki. Rufin masallaci da na aji kuwa, a wajen mafi yawan malamai ba da zakka ake yin su ba, ku yi su da kuɗin karo-karon. Malamanmu na Malikiyya sun fi son a raba zakka inda dukiyar take, amma sun yarda a kai ta wani gari in mutanen can sun fi buƙata. Ya zauna da malaminsa su daidaita.

Hoto kuma, ku ɗauki na ɗakin da aka rufa da rasit ɗin kaya ku tura wa 'yan ƙungiya. Na tsohuwa durƙushe tana karɓar buhu, ku bar shi.

Daga wani magidanci a wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya:

"Malam, gidana a fili fetal yake, ba bishiya. Shekara uku a jere iska na ɗauke min rufi, na maƙwabcina da muke katanga ɗaya ko gezau. Na ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi, duk a banza. Wasu na cewa da sa hannu, in tashi in nemi taimako."

Ɗana, ka ci gaba da addu'a, sannan ka ari tsani ka leƙa rufin maƙwabcin nan naka. Ka duba inda katako ya haɗu da bango.

Iskar farkon damina da ta ƙarshenta a ƙasarmu daga gabas take tasowa a gaban hadari. Ba ta daɗewa. Kuma ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take: tana wucewa ta sama tana zuƙarsa, in ta samu ƙofa ko taga a buɗe, ko ta shiga ƙarƙashin bakin kwanon da ya zarce bango, sai ta tura shi daga ciki. Daga kusurwa da gefe take farawa. Falle ɗaya ya ɗaga, saura sun bi.

Ɗauri uku ke riƙe rufi: kwano a jikin katakon da ke kwance, shi a jikin na gangare, na gangare a jikin bango. A na ƙarshen nan kafintan sauri ke ha'inci, ya ɗora katako a kan bulo ya soka ƙusa biyu ya sauko. Kamata ya yi tun ana zuba linta a bar rodi ko langa-langa ya fito, a naɗe katakon da shi a ƙulle. Tun da naka ginin ya riga ya tsaya, a huda bango bulo biyu ko uku ƙasa da baki, a zura waya mai kauri ko siririn rodi a ɗaure kowane katako, a toshe da siminti. A yi amfani da ƙusa mai hula, a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, a gefe da kusurwa da ƙololuwa kuma a buga wa kowane tudu, kada a tsallake. In da hali ka ja rawani ya ɓoye bakin rufin, ka bar indararo mai faɗi. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare ɗaya jure iska. Ka ƙwanƙwasa katakon ka ji ko gara ta cinye cikinsa, sabo kuma a shafe shi da baƙin mai ko maganin gara. Kwanon da ya fi kowanne arha, wanda yatsa ke lotsawa, yagewa yake ya bar ƙusar a jikin katako. Duwatsun nan ka sauke su yau. Ranar da rufin ya tashi, a kan wani za su sauka.

Ka dasa darbejiya ko mangwaro ta gabas, nesa da bango yadda ko reshe ya karye ba zai iso ɗaki ba. Magabatan da suka bar mana rimi a birni har unguwanni suka ci sunansa, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, ba sa share fili ƙal kafin su yi gini irin yadda masu yanka fuloti ke yi yanzu. In hadari ya haɗu kuma, a rufe ƙofa da taga, a tattaro yara ciki. Iskar da ta afka wa garin Bauchi a Yunin 2018, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, a tsakiyar birni ta hallaka mutane.

Masu ginin ƙasa, naku haɗarin yana gaba, in ruwa ya jera kwanaki bango ya sha ya ƙoshi. Gindin da ruwa ke kwanciya, indararon da ya toshe, tsagar da ke ƙara faɗi, soron da ya fara zubo da ƙasa: in an ga ɗaya, a kwashe yara daga ɗakin a daren nan, a kira magini da safe. Mu a Zariya ba mu manta ranar 11 ga Agustan 2023 ba, da wani sashe na babban masallacin fada, ginin shahararren magini Babban Gwani, ya rufta a kan masu sallar la'asar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Daga wani manomi a yankin Soba:

"Malam, ruwa da iska sun kwantar min da masara eka uku, fadamar shinkafata kuma yashi ya binne rabinta. Takin da bashi na saya. Akwai inda ake biyan manomi irin wannan asara?"

Sannu, ƙanena. A fara da gonar. Masarar da ta kwanta daga saiwa ba ta karye ba, in ba ta yi goyo ba takan ɗago da kanta cikin 'yan kwanaki. Kada ka bi kana miƙar da ita da hannu, saiwar da ta rage za ka tsinka. In ta ɗago a tara mata ƙasa a gindi. Wadda karanta ya karye ta tafi, a ba dabbobi. Gurbin kada ya zauna haka. A yankinmu ana shuka wake daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru kuma ta fitar da ire-iren wake masu suna SAMPEA, wasunsu ba sa wuce wata biyu da rabi. Ka tambayi malamin gona, ka sayi iri a buhu mai hatimi. Fadamar ka bar ta sai ruwa ya janye, ka fanshe da tumatir ko albasa a rani.

Biyan asara sai wanda ya shiga inshora tun kafin shuka. Akwai kamfanin inshorar noma na gwamnatin tarayya, NAIC, shirin ya faro tun 1987, ambaliya da iska suna cikin abin da ake biya a kai. In bashin naka na banki ne ko na wani shirin noma, ka ɗauko takardar a karanta maka, don sau da yawa an cire kuɗin inshora a ciki manomi bai sani ba. In akwai, ka sanar a rubuce yau-yau, da hoto, kafin ka taɓa gonar, wa'adin sanarwar gajere ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, akwai ta Musulunci, takaful, ya bincika kafin baɗi.

In kuwa bashin na dilan taki ne a kasuwa, ka same shi yanzu da shaidu biyu, ku je gonar ya gani da idonsa, ku sake yanka wa'adi zuwa bayan wake ko bayan noman rani, a rubuta. Kada ka bari sai kaka ya turo yaro da buhuna.